Rigar Kwat Ta Haɗiye Baba

Yaya Ɗanlami,

Gaisuwa mai yawa daga Wara. Ya aiki, ya Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Alhamdulillahi, Inna na gaishe ka.

Tsohuwar rigar kwat da ka saya wa Baba a intanet ta iso, irin ta zamanin samartakarsa. Na ce maka bari in auna shi da zaren komar kamun kifi, in ƙulla, in ba direba ya kawo maka. Ka ce ai ka san jikin ubanka.

Baban shekara shida da suka wuce ka sani, yanzu ya rame. Da ya sa ta, kafaɗun suka zubo, hannuwan suka rufe yatsunsa. Telan Yelwa ya ce yadin ya tsufa, in an farke ba ya ɗinkuwa.

Haka ya naɗe hannuwan ya tafi masallaci, yana ce wa kowa, "Ɗanlami ya aiko." Ni na kasa kallo.

Ka gaida kowa, ka sa Baba a addu'a. Zaren yana nan, amma ba zan aiko ba. Ka zo ka auna shi da kanka.

Ƙanwarka,
Hadiza