Rigar Da Ba Ta Yin Datti

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, ina fatan Allah Ya yalwata maka inda kake kwance.

Baba, yau kwana goma sha tara da aka kai ka makwancinka, kuma har yanzu ban yi kuka ba. Matan da suka zo zaman makoki suna ta yaba haƙurina. Ni na san ba haƙuri ba ne. Kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi nake, ina ganin komai, ba na jin komai.

Daga gidanka na unguwar Small Heath, nan Ingila, nake rubuta maka. Kansil, hukumar da ke da gidan, sun ce a mayar musu da makulli ran Litinin, shi ya sa na taho daga Manchester in kwashe kaya. Tafiyar ba ta kai awa uku a bas ba. Na duba agogo, don in tabbatar.

Golanka ya zo jiya. Na san wannan labarin za ka fi son ji.

Shekara goma sha ɗaya kana wanke kayan 'yan ƙwallo a filin atisayen kulob ɗin nan, ban taɓa jin ka ɗauki wani ɗan wasa ka ɗora a ka ba sai shi. Ga masu cin ƙwallo, ga waɗanda ake bugawa a jarida, amma kai sai ka zaɓi gola na biyu, mutumin Slobakiya, wanda aikinsa zaman benci. Muna yi maka tsiya, ni da Yaya Habu, muna cewa Baba ya je kasuwa ya sayo abin da kowa ya bari.

Tarihinsa kuwa har na haddace, don duk kiran waya sai ka maimaita. An haife shi a wani ƙaramin gari a gindin duwatsu. Ya fara tsaron raga a kulob ɗin garinsu, babban birni ya ɗauke shi, ƙasarsa ta kira shi, sannan Ingila ta saye shi ta ajiye. Idan ƙasarsa za ta buga wasa sai ya hau jirgi ya je ya tsaya a raga, a yi masa tafi, ya dawo nan ya ci gaba da zama.

Da farko ɗan Cakoslobakiya kake ce masa, har ranar da ya gaya maka ƙasar da aka haife shi a cikinta ta rabu biyu, babu ita yanzu. Ka ce tun daga ranar ka ji kamar ɗan'uwanka ne. Kai ma a Kumasi ɗan Najeriya ake ce maka, da ka je Kano aka ce ɗan Gana, a nan kuma baƙo kawai.

Rigarsa ce ta fi tsaya maka a rai. Duk Asabar ta sauran tana dawowa da laka da ciyawa, tasa tana dawowa fes kamar yadda ka miƙa ta. Duk da haka sai ka saka ta a inji tare da sauran, ka shanya, ka ninke. Na taɓa ce maka wannan ai ɓarnar sabulu ce. Ka ce, "Uwata, jira ma yana da gumi."

Sau ɗaya ya buga a shekararsa ta farko a nan, wasan kofi, da gola na ɗaya ya ji ciwo. Ka kira ni a waya, ka ce, "Uwata, yau riga ta yi datti!" Ina cikin bas a Stockport Road, na taso aiki, ƙafafuna suna zogi. Na ce zan kira ka in na isa gida. Ban kira ba.

Haka na riƙa yi da zuwan ma. Asabar mai zuwa, Baba. Bayan azumi, Baba. In na samu hutu. Ba ka taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ka ce, "To, ɗakinki yana nan." Tun rasuwar Mama kai kaɗai ne a gidan nan. Yaya Habu ya koma Gana, ni ina unguwar Longsight a Manchester, kuma rabona da kwana a nan shekara biyu da wani abu.

Da ya zo jiya, sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Ya cire takalmi ba tare da an ce ya cire ba, na san aikinka ne. Ya zauna a kujerarka, hannuwan nan nasa manya a kan gwiwa, bai san inda zai kai su ba. Ya ce kwantiraginsa ya ƙare, zai koma kulob ɗin garinsu, kusa da mahaifiyarsa, don ta tsufa. Na ce Allah Ya taimaka.

Da zai tafi ya ce akwai sunan da kake kiran sa da shi, bai taɓa tambayar ma'anarsa ba. Ya faɗe shi a karkace, sai a karo na uku na gane: mai tsaron gida. Na fassara masa kalma bayan kalma. Ya dubi falon, ya dubi hotunanmu da ka jera a bango, ya dube ni, sannan ya sa takalminsa ya fita.

Ɗakina na bari a ƙarshe. Na same shi a share, gado a gyare, da zanin gadon nan mai shuɗin fure da Mama ta saya mini. Yana ƙanshin sabulu. Maman Grace maƙwabciyarka, 'yar Jos ɗin nan, ta shigo taya ni naɗe labule, ta ga na tsaya ina kallon zanin. Ta ce ai duk Juma'a in ka dawo daga masallaci sai ta gan shi a kan igiya a bayan gida, ko ana yayyafi. Ta ɗauka kowane mako nake zuwa, tana mamakin yadda ba mu taɓa haɗuwa ba.

Da ta fita, da la'asar sakaliya, na hau gadon da kayan jikina da takalmina, na kwanta ina kallon silin. Na jira kukan, bai zo ba. Da na tashi sai na ga zanin ya yamutse, ga sawun takalmina a gefen ƙafa, baƙi ƙirin.

Baba, yau zani ya yi datti. Na rasa wanda zan kira in gaya wa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya wanke ka fes kamar yadda ka wanke na mutane. Ya haɗa ka da Mama a gidan da ba a jiran kowa. Ni kuma ka yafe mini.

Uwarka da ta zo a makare,
Rakiya