Ɗanzomon da ke Cikin Kwamfuta

Gumel,
Ranar Laraba

Zuwa ga Yayata Tayyiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Damagaram. Ya ƙafar taki? Ina fata kumburin ya saɓe, kuma kin daina taurin kan nan naki na ƙin shan magani. Mu nan alhamdu lillahi. Hidaya ta koma makaranta, ni kuma ina ɗaki ina takabata kamar yadda kika bar ni.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Gidan ne har yanzu ba ya rabuwa da 'yan gaisuwa, kuma kin san ɗakina, ko tari na yi sai an ji a tsakar gida. Shi ya sa na rubuto takarda, zan ba direban da ke zuwa kasuwar Maigatari gobe, ya miƙa wa ƙanin mijinki ya kawo miki.

Magana ce ta taso a kaina, gara ki ji daga gare ni kafin ta iso miki da ƙari. Wai ni Safiyatu ina wasan kwamfuta a cikin takaba.

Kin tuna abin nan da Abban Hidaya yake yi da yamma in ya dawo daga aikinsa na duba dabbobi, wanda kike tsokanarsa kina kiransa maginin iska? Wani wuri ne a intanet da mutane ke shiga, kowa da ɗan mutum-mutuminsa da yake yawo da shi. Masu wurin fili kawai suke ba ka, fetal, ko kara babu. Duk abin da ke ciki mutane ne suka gina da kansu. Wani ya yi kasuwa, wani ya yi makaranta, wani shirme kawai ya tara. Shi kuwa Allah ya jiƙansa shekaru ya yi yana gina garinsu Ɗanzomo, ba ta yau ba, ta lokacin ƙuruciyarsa: gidan mahaifinsa, rumbuna, rijiya, tsamiyar ƙofar masallaci, har gonar gero da ta riɗi.

Da aka tashi daga zaman makoki sai na tuna abokansa na can ba su san ya rasu ba. Na buɗe kwamfutarsa don in rubuta musu layi ɗaya in rufe. Yaya, ba ki ga abin da ya biyo baya ba. Wani tela daga Maraɗi, wani ɗalibi da ke karatu a Sudan, wata ma'aikaciyar jinya daga Kaduna, mutanen da ko fuskarsu ban sani ba, suka taru ƙarƙashin tsamiyar da ya gina suna rubuta masa addu'a. Telan nan ya kafa rumfa ya shimfiɗa tabarmi. Kukan da na kasa yi a gaban jama'a, ranar na yi shi. Tun daga nan nakan shiga bayan la'asar, in zaga gidan, in ci gaba da madafin da ya bari babu jinka.

To a haka Mansura matar Yaya Haladu, wansa, ta faɗo mini ɗaki, sallamarta da ɗaga labulenta tare. Ta ga 'yan mutane suna motsi a gilashin kwamfutar, ta riƙe haɓa, ta fice. Kafin a kwana biyu har Gagarawa an ji.

Ni dai hankalina kwance yake. Malamar firamare ce ni, in akwai abin da na sani, wasa ne. Dara, langa, ƙwallo, lido, kowanne da wanda ya ci da wanda aka cinye, da lokacin da ake tashi. A nan wa na ci? Wa ya cinye ni? Babu maki, babu alƙali, babu ƙarshe. Wanda ya kira wannan wasa bai taɓa shiga ba, kuma duk wanda ya tare ni haka zan gaya masa.

Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa mini kan auta. Ki ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Safiyatu

Gumel,
Ranar Litinin

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Amsarki ta iso tare da kilishin, Allah ya saka da alheri. Na ji daɗin jin kin fara takawa har ƙofar gida.

Na karanta shawararki, cewa in rufe kwamfutar in ba su haƙuri, in takaba ta ƙare in yi abin da na ga dama. Ke dama tun muna yara ke ce mai ba da haƙuri, ni ce mai shan duka. Da abin ya tsaya nan da na bi maganarki. Amma ya wuce nan.

Yaya Haladu ya zo shekaranjiya. Ya zauna daga bakin ƙofa, ni ina ciki, labule tsakaninmu. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai ɗaga murya ba, kuma na ji a muryarsa cewa rashin ƙaninsa yana cinsa. Ya ce abin da ya fi damunsa ba surutun mutane ba ne. Wai an gaya masa mutum-mutumin Abban Hidaya yana nan tsaye a cikin wasan da sunansa a kansa, mutumin da ke kwance a kabari. Ya ce wannan tozarci ne ga mamaci, don haka zai karɓi kwamfutar ya kai wa wani mai gyara ya rufe sunan gaba ɗaya. Kin san abin da wannan ke nufi? In aka rufe sunan, duk abin da ya gina ya tafi. Gidan, rijiyar, tsamiyar, ko hoto ba zai rage ba, kuma ba mai iya dawo da shi.

Na jero masa hujjojina yadda na jero miki. Ya saurara har na gama, sannan ya ɗaure ni da igiyata. Ya ce to ya ji, in wasa ne, na yi wasa a cikin takaba. In kuma ba wasa ba ne, gari ne na gaske da mutane na gaske kamar yadda nake faɗa, to ke nan kullum ina fita yawo gari ina haɗuwa da maza, mijina bai daɗe a ƙasa ba. Ya ce in zaɓi ɗaya.

Maganarsa ta kama ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma da ya tafi na zauna na yi tunani, na ga babu abin tsoro. Ƙafata ba ta taka zaure ba. Ba wanda ya ga fuskata, ba wanda ya ji muryata. Rubutu nake yi kamar yadda nake rubuta miki yanzu, kuma ba wanda ya taɓa cewa mai takaba ta je Damagaram don ta aika wasiƙa. Gaskiya ne a cikin wurin akwai waɗanda suka gina filin tsere da na harbe-harbe suna ta sha'aninsu. To a Gumel ma akwai filin ƙwallo, bai mayar da Gumel wasa ba.

An tsayar cewa Inna Zinariya, mahaifiyarsu, za ta zo daga Ɗanzomo ranar Juma'a, abin da ta yanke shi ke nan. Kin san ban taɓa haɗa ido da ita ba tun da aka kawo ni gidan nan, amma wannan karon sai dai a yi haƙuri da ni, zan yi magana. Na shirya tsaf. In dai gaskiya ake bi, ba wasa ba ne, kuma ni zan yi nasara.

Ki gaida kowa da kowa. Kada ki tayar da hankalinki.

Taki har kullum,
Safiyatu

Gumel,
Ranar Asabar

Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wayi gari lafiya, ya jiki, ya yara, ya hidimar gida. Na san kin ƙagu, don haka ba zan ja ki da dogon zance ba.

Inna ta zo jiya bayan an sauko daga masallaci. Ta rame, Yaya, har na ji kunyar kaina da nake ganin ni kaɗai na yi rashi. Aka shimfiɗa mata darduma a ɗakina, Yaya Haladu yana bakin ƙofa, Mansura ta raɓe a bayansa. Ya faɗi nasa. Ni ma na sunkuyar da kai na faɗi nawa, tiryan-tiryan, ban bar ko ɗaya ba: babu ci, babu faɗuwa, babu maki, babu tashi. Ni kaina na ji maganata ta zauna daidai.

Inna ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Cewa ta yi a nuna mata. Na matsa kusa da ita na ɗora kwamfutar a cinyata, na shiga da ita ta ƙofar masallaci. Ta gane tsamiyar tun kafin in buɗe baki. Ta gane zauren, ta gane ɗakinta, har ta ce rijiyar ba ta kai haka nisa ba. Sai ta ce in zaga da ita bayan gida.

A bayan gidan akwai wani kududdufi da ya gina. A bakinsa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da shanu, duk launin ƙasa, karkatattu, ba su yi kama da aikinsa ba. Na sha ganinsu, na ɗauka gwaji ne ya yi tun bai ƙware ba ya manta bai share ba. Inna ta kafa musu ido ta daɗe. Sannan ta ɗago ta ce wasa ne.

Na ji Yaya Haladu ya gyara zama.

Ta ce wasa ne, kuma ta fi kowa saninsa. Ta ce tun yana ɗan ƙarami in an tura shi kiwon awaki sai ya zauna bakin kududdufin nan yana gina gari da laka, ya yi ɗakuna, ya yi shanu, ya sa wa kowa suna. Ta sha zane shi a kai. Wata rana awakin suka shiga gonar wake ta maƙwabta aka kawo ƙara, ta je a fusace ta same shi ya gama wani gari babba, ta bi ta tattake shi da ƙafarta, ɗaki bayan ɗaki. Ta ce bai yi kuka ba, kallonta kawai ya yi, kuma daga ranar ba ta sake ganinsa da laka ba. Ita a zatonta ya bari ne. Ashe bai bari ba, wuri ya samu inda ƙafarta ba za ta kai ba.

Sai ta juya wajen ƙofa ta kira Yaya Haladu da sunansa. Ta ce ta rushe masa ɗaya da ƙafarta, ba za a rushe na biyu tana numfashi ba. Ta ce in zauna a ɗakina in cika takabata, in kuma ƙarasa masa madafin. Duk wanda ya ce matar ɗanta tana wasa, a ce masa eh, wasan mijinta ne, kuma uwarsa ce ta ce ta yi. Yaya Haladu ya ce to. Ina jin shi ma ya tuna ranar.

Don haka kin ga, ni mai hujjoji na faɗi warwas. Duk abin da na shirya bai yi aikin komai ba, kuma ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba. Garin yana nan, ko kara ba za a taɓa ba.

Da suka fita Inna ta ce in bar mata kwamfutar a nan bakin kududdufin in ba ta wuri. Na koma gefen gado na juya baya. Na ji ta sa yatsa tana shafa gilashin, tana kiransa da wani suna da ban taɓa ji a bakinta ba, Ɗantsoho. Tana cewa ya yafe mata.

Ki gaida maigidan da yara. In ƙafar ta warke ki zo, ina kewarki ƙwarai. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Safiyatu