Faifai Bakwai na Malam Munzali

Litinin, 8 ga Maris, 2004
Zafi. Babu wuta tun safe, na koyar da kwamfuta a kan allo da alli. Shekara uku ke nan a Rano, takardar canjina zuwa Argungu ko amsa babu. Har yau Bakabe suke ce mini, kamar ba a yanka mini rago ba.

Laraba, 10 ga Maris
Wani Malam Lado ya zo daga Tarai, shi ke raba gadon marigayi Malam Munzali. Gona da tumaki sun rabu lafiya. Saura faifan fulofi bakwai, na kwamfuta. A ciki akwai littafin da marigayin ya yi shekaru yana shiftawa, tarihin malaman gidansu, wani ɗalibinsa ya buga a Kano ya matse shi ya tsinka a faifan. Ɗalibin yana Sudan. Takardun asali gara ta cinye.

Magada uku: matarsa Kulu, ɗansa Gali, 'yarsa Bara'atu. Bakwai ba ta ba da tumuni, don haka Malam Lado yana so in gaya masa mudu nawa kowane faifai ke ci. Na so in yi dariya. Amma mutumin tsoron haƙƙi yake, ba wauta ba ce.

Alhamis, 11 ga Maris
Na yi masa lissafin. Faifai ɗaya gurbi 2,880, kowane gurbi na ɗaukar harafi 512. Bakwai ɗin gurbi 20,160. Tumunin Kulu 2,520. Gali 11,760, Bara'atu 5,880. Wato Gali faifai huɗu, Bara'atu biyu, Kulu ɗaya, amma gurbi 360 a cikin nata na 'ya'yan ne.

Ya ji daɗi ƙwarai. Sai na ce masa lissafin daidai ne, amfaninsa ne babu. In ba a haɗa bakwai ɗin a inji ɗaya ba, ko layi ɗaya ba zai buɗe ba. Ya ce ai tun jiya kowa ya ɗauki nasa bisa kiyasi.

Asabar, 13 ga Maris
Bara'atu ta aiko da nata biyu a ƙulle a ɗankwali. Kulu ma. Gali ya ƙi. Wai baƙo zai kwafe littafin ubansa ya kai Kabi ya buga da sunansa. Jibi zai koma Fatakwal da su.

Ni da ko sunan kakansu ban sani ba. To amma in ni ne, da wanda ban san asalinsa ba, anya zan bayar?

Lahadi, 14 ga Maris
Gali ya zo da kansa, da sharaɗin a gabansa za a yi, kuma hannuna kada ya taɓa. Na ce to. Shi ke sawa, shi ke cirewa, janareto na tari. Shida lafiya. Na Kulu injin ya yi ta gurnani. Ashe a kan rediyon marigayi ta ajiye shi, don a nan yake ajiye duk abin da yake ji da shi. Maganaɗisun rediyon ya taɓa shi, gurbi arba'in da ɗaya sun mutu.

Littafin ya buɗe, babi na tara babu. Gali ya karanta shafin farko a tsaye, ya fita waje ya daɗe. Da ya dawo bai ce na gode ba. Ya dai bar mini faifan.

Talata, 23 ga Maris
Wasiƙar matata Jumai daga Argungu. Tana tambaya ko wannan hutun ma sai labari. Yaronmu ya fara tafiya, wai.

Asabar, 27 ga Maris
Na je Tarai in gaya wa tsohuwa Kulu da bakina, tunda a nata kason ɓarnar take. Ina zaure tana bayan asabari. Na yi ta kwana-kwana da zancen gurbi.

"Ɗan nan, bar ni da gurabenka. Wane babi ne?"

Na ce wanda ke tsakanin rasuwar Malam Gwadabe da shekarar fari.

"Na zuwan kakansa daga Zinyau? Sau uku yana shifta shi a tsakar gidan nan, ina tankaɗe. Kuma ya yi kuskure a sunan rijiyar, na gaya masa bai ji ba."

Ta fara kawo babin da ka. Ban zo da takarda ba, na rubuta a bayan jadawalin jarrabawa har ya cika. Ta ce in dawo, amma da hantsi, bayan azahar kanta ba ya riƙe sunaye. Malam Lado ya ce shekarunta sun haura tamanin, kuma tun rasuwar ba ta cin kirki.

Juma'a, 2 ga Afrilu
An yi hutu. Na haɗa jaka.

Asabar, 3 ga Afrilu
Motar Kano ta tashi bakwai da rabi, ba da ni ba. Na ba direban wasiƙar Jumai da 'yan takalman yaron, ya ba motar Argungu. Na ce mata mako ɗaya, in sha Allah.

Ba don magadan na tsaya ba. Ba na son aiki da rami a tsakiya, shi ke nan.

Shafi shida yau a Tarai. Iya Kulu ta ce gobe in taho da man zafi, gwiwarta.