Ina Kwance, Fuskata Tana Koyarwa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da Baban yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, ya raya mana zuri'a. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗan ne dai ba ta fasa ba. Ni ma ɗinkin aikin da aka yi mini ya warke, har ina ɗan taɓa shara.

Maganar ƙanenmu Auta ce ta sa na ɗauki biro, don in na kira ki kuka ba zai bar ni in kai aya ba. Kin san shekara biyu ke nan muna darasin lissafi kai tsaye ta intanet ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Ni ina gaban farin allo a ɗakin bayan shagonsa, shi yana kan kyamara da kwamfuta, yara suna kallo ta waya, suna rubuto amsa ina gyara musu nan take. Da zan shiga asibiti ya ce in kwantar da hankalina, ya samo malamin da zai riƙe ajin. Ni kuma sarkin yarda, na yi ta sa masa albarka.

Shekaranjiya 'yar telan layinmu ta shigo duba ni da littafinta a hannu, tana murna wai ashe na daɗe da warkewa, kullum da la'asar tana ganina. Na ce ganina a ina? Ta miƙo waya. Sai ga ni, Yaya, cikin mayafin da na bayar tun bara, ga jan rubutu a sama wai kai tsaye ne. Ashe duk abin da na koyar naɗewa yake yi ban sani ba, kuma shi yake sakar wa yara wata biyu cur. Ba wani malami da ya samo.

Abin da ya fi ci mini rai, ina da al'ada in na yi tambaya sai in ɗan yi shiru, wanda ya fara rubuto daidai in ce masa madalla, haka yake. Yarinyar nan takan yi sauri ta rubuta tata amsar, sai ta ji na ce madalla, alhali da ɗaliban bara nake. Na buɗe littafin, shafi shida tana juya alamar ragi inda ba a juyawa, a gefe ta rubuta da jan biro, "Malama ta ce daidai ne." Saura mako uku jarrabawa, kuma irinta sun kai saba'in.

Jiya na lallaɓa har shagon Auta. Ko kunya bai ji ba, ya ce ai lissafi ba ya tsufa, kuma da ya faɗa musu ina kwance da sun watse zuwa wasu azuzuwan. Yaron da na goya, na koya masa ƙirga da tsakuwa. Na nemi lambobin iyayen in sanar da su, ya hana. Inna kuma wai in rufa asiri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban ce zan yanke ba, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yaran mutane ne a ciki. Ranar Asabar zan tsaya gaban kyamarar nan da kaina in gaya musu gaskiya, mu sake bin darussan daga farko iya abin da lokaci ya bari. Auta zai kira ki, na sani. Don Allah kada ki ba ni haƙuri kafin Asabar.

Ki gaida Baban yara da 'yan biyu, da amaryarmu da jaririnta. Inna da Goggo da Kawu duk suna gaishe ki. Ban sa gaisuwar Auta ba, don ni ba na yin magana da bakin mutum bai sani ba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Malama