Kyamarar Mai Gyaran Agogo

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu da jaririyarta. Yaya ciwon gwiwar? Ni dai lafiya lau, sai kewa, sai kuma girkina da ko mage ba ta kulawa.

Maƙwabcina mai sayar da kayan lantarki ya ba ni wata 'yar kyamara in gwada mako biyu, in ta yi mini in saya. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, kuma ita ce mafi araha a shagonsa. Kin san wayata ba ta ɗaukar hoto.

Da rana aikinta tsaf. Na ɗauki mai wankin mota na tsallaken titi, har kumfar hannunsa ta fito. Amma a cikin shagona, inda haske bai isa ba, komai sai ya fito dishi-dishi. Tana da nawa kuma: na auna mage na danna, kafin ta ɗauka sai wutsiya kawai na samu. Batirin ma ba ya kai la'asar. Araha dai ba ta ado. Akwai wani maɓalli mai zanen fure da ban gane amfaninsa ba tukuna, gobe zan tambaya.

Ki gaida surukinmu.

Mijinki.

Uwargida,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Maɓallin furen nan na ɗaukar abu ne kusa-kusa. Da na ji haka sai na buɗe agogon tsohon hedimasta, wanda ya yi wata biyu a wurina, na kai shi bakin taga na ɗauka. Na ƙara girman hoton a allon bayanta, sai ga haƙoran ƙafafun agogon manya-manya kamar na zarto. Can a jikin sifirin, ga wani silin gashi ya nannaɗe. Shi ne duk ciwon.

A nan dole in faɗa miki abin da na ɓoye. Tun bara idona ba ya ganin cikin agogo, ko da gilashin da nake maƙalawa. Agogo bakwai ne a durowata, ina ta ce wa masu su kayan gyara ba su iso ba. Ƙarya ce. Na ji kunya ne a ce shekara arba'in ina wannan sana'a, yau na kasa.

Yanzu sai in ɗauki hoto, in haddace wurin, in sa hantsaki da lalube. Na tayar da uku a haka. Ina jin zan saye ta. Me kika gani?

Naki har kullum.

Uwargida,

Saƙonki ya iso, na gode da addu'a. Ashe kin sani tun ranar da kika ga ina lalubar maɓallin rigata, kika yi shiru don kada ki kunyata ni. Allah ya saka miki.

Kin tambaya ko kyamarar za ta riƙe mini hantsaki. Ba za ta riƙe ba, kuma na gani da kaina. Na bar agogon hedimasta sai hannuna ya saba, to shekaranjiya na zo cire gashin, na kama sifirin na lanƙwasa shi. Agogon mahaifinsa ne. Da ya zo na gaya masa gaskiya duka. Sai ya ce: "Agogon zai iya jira. Kai me kake jira?"

Bayan ya tafi, son sani ya sa na juya kyamarar, na danna furen, na ɗauki idona. Sai a karo na biyar ya fito sosai. Wani fari-fari ne kwance a tsakiyar baƙin, kamar hayaƙi. Da wani ne ya kawo mini agogo da gilashi haka, ko minti ɗaya ba zan yi ba zan ce a canja.

Jiya na je asibiti. Likita ta ce yanar ido ce, ana cirewa, za a fara da na dama ranar Talata. Kyamarar kuwa na saya, da nawarta da komai, don ta gaya mini abin da ku duka kuka yi mini kara a kai.

Ki dawo kafin Talata, don Allah, tsoro nake ji. Na tambayi likitar yaushe zan koma aiki, ta ce in bar mata idon tukuna, in dawo jibi a duba. Shekara arba'in ina faɗa wa mutane haka, ban taɓa sanin babu daɗin ji ba.

Ki shafa mini kan jikata.

Mijinki mai jiranki.