Kafin Ki Buɗe Amfilifayar Babanki

Ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Innarki, da ƙannenki? Ni lafiya lau. Ɗakina ƙarami ne, shirunsa ya yi yawa, amma ɗalibaina suna ɗebe mini kewa.

Na ji daɗi da kika ce za ki tayar da amfilifayar marigayi Yaya, babanki, wato na'urarsa ta ƙara sauti. Bawul ɗin gilashin da kika ce ya mutu, mai kama da ƙwan lantarki, shi ne mai miƙar da wuta. Ki nemi mai lamba irin tasa sak, domin wanda ya fi shi jan wuta zai ƙona taransifoma. Wayoyi biyu da ke ɗumama shi nasa ne shi kaɗai, babbar wuta na bin su, kada ki haɗa su da na sauran bawul ɗin. Na sauran kuwa ki tufke su kamar igiya, sai gurnanin da lasifika ke yi ya ɗauke.

Jiya wani ɗalibi ya zura hannu biyu cikin irin wannan akwati. Na daka masa tsawa, sai na ji muryar babanki ce ta fito daga bakina: “Kai, sarkin gaggawa, hannu ɗaya a aljihu!” Na kasa ƙarasa darasin.

Yanzu kin girma, ya kamata ki sani. Ranar da muka sami babanki kife a kan teburin aikinsa, filogin amfilifayar a cire yake. Kwandensa, ma'ajiyar wutar da ke cikinta, tana riƙe wuta ko bayan an kashe, ita ce ta yi ajalinsa. Ki sauke wutar da ke cikinta, ki auna da mita, ki sake aunawa. Kuma kada ki yi aikin ke kaɗai a ɗaki.

Allah ya tsare mini ke.

Baffanki