Kanwar da Na Ɗura wa Duna

Malam Illo, a taimake ni da shawara, ko da masu karatu za su yi dariya, don maganar kare ce.

Ni dattijo ne daga wajen Tozai, mai 'yan tumaki. Shekara tara karena Duna yana gadinsu. Dila bai taɓa cin ɗan ragona ba, sai dai na maƙwabta, su ma na je na yi musu jaje. To, bana ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ciyawa ta ƙare, mun shirya kora dabbobi kudu bayan kasuwar Isa mai zuwa. Ga shi Duna ya lalace. Tari yake kamar tsohon mashayin taba, in ya ɗan ruga sai ya zube yana haki. Haƙarƙari a waje, ciki kuwa kamar tulu. Na yi mai abin da muke yi wa tumaki: kullum ina jiƙa kanwa da gishiri in ɗura mai. Kumburin sai ƙaruwa yake. Ɗana Jibrilla ya ce a bar shi, mutane ma ba su ƙoshi ba balle kare. Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ni ba za ni bar shi cikin kango yana kallon bayanmu ba. Mi za ni yi?

Dattijo mai taurin kai, Tozai

Baba, ni ban yi dariya ba. Alamun nan sun fi kama da ciwon zuciya: ta gaza tura jini, ruwa yana taruwa a huhu da ciki. Ka bar kanwa da gishirin nan yau ɗin nan. Riƙe ruwa suke yi a jiki, nauyi kake ƙara masa. Kare ba rago ba ne.

Ka kai shi wurin likitan dabbobi ya saurari ƙirjinsa, ya duba jini, don wani lokaci tsutsa ce da sauro ke sawa. Akwai ƙwayoyin da ke sauke ruwan. Ba lalle su warkar da shi ba, amma zai samu numfashi. Kada ka saya da ka a kasuwa, kada kuma ka hana shi ruwan sha.

Jibrilla ma yana da gaskiyarsa: tumaki ba za su jira ba, tafiyar ƙafa kuwa kashe Duna za ta yi. Ko dai ya zauna inuwa wurin wanda zai riƙa ba shi magani, ko, in likita ya yarda, ya shiga mangalar jaki. Na san wanda za ka zaɓa. Za a nuna ka da baki a hanya, bar su su nuna. Shekara tara yana gaban garke da ƙafarsa, bana a ɗauke shi.

Allah ya ba shi sauƙi, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da damina mai albarka.